Ozell Bai Tsaya Ranar Bankwana Ba

Ozell Mabry yana da wurin wankin mota har biyu a garinmu, ɗaya a bakin babbar hanya, ɗaya a bayan kasuwar manoma. Yana da gida mai bene da fili a gabansa, kuma tun da ya dawo ban taɓa jin ya nemi wani abu a hannun kowa ba. Idan baƙo ya hango shi yana jan ƙafar hagu tsakanin motoci ya tambaya wane ne wannan dogon, sai a ce masa, "Ai shi ne namu da ya buga ƙwallon kwando a babbar gasa." Daga nan sai a rage murya, kamar ana maganar mai jinya. Ni dai ba na rage murya a kan Ozell. Sunana Roscoe Tillery, tare muka tashi, a kwano ɗaya muka ci, kuma bulala ɗaya ce ta gyara mu.

Bulalar ta Mama Verlene ce, mahaifiyarsa. Tawa uwar ta rasu ina firamare, babana kuwa direban babbar mota ne da ya mayar da gida tasha, saboda haka a teburin Mama Verlene na girma. A yankinmu na jihar Mississippi, in ba ka aikin auduga to kana aikin tarwada, ita kuma a masana'antar yanka tarwada take. Tun asuba take tsayawa cikin ɗakin sanyi da wuƙa a hannu, kifi na zuwa, tana feɗewa tana turawa gaba, har yamma. Ko ta yi wanka da sabulu mai ƙamshi ranar Lahadi, in ka rungume ta sai ka ji ƙarnin can ƙasa-ƙasa. Ba mu taɓa faɗa mata ba.

Abin da mutane suka manta game da Ozell shi ne dariya. Yaron nan da dariya yake wasa. Zai zille wa mutum uku, ya tashi sama ya zura ƙwallo, ya sauko yana ƙyaƙyatawa kamar an yi masa cakulkuli. Abokan karawa su ɗauka raini ne su fusata, alhali daɗi ne kawai ya yi masa yawa. Da muka gama sakandare, wata ƙaramar jami'a da ba ta da nisa da gida ta ɗauke shi karatu kyauta don ya buga mata. Ni ma aka haɗa da ni, saboda ina da tsawo, kuma Ozell ya ce ba inda za shi ba tare da ni ba. Shekara huɗu na yi ina ɗumama benci. Har suna suka sa mini, Sarkin Benci, kuma na riƙe sarautata da mutunci.

A jami'o'inmu akwai abin da ake yi kowace shekara a wasan ƙarshe na gida, muna ce masa ranar bankwana. Kafin a fara wasa sai 'yan badujala su yi shiru, a kira 'yan aji huɗu ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya fito daga ƙofar ɗakin canza kaya, mahaifiyarsa na riƙe da hannunsa, su taka har tsakiyar fili, jama'a a tsaye suna tafi. Koci ya miƙa wa uwar furanni, ya ba ɗan rigar wasansa a cikin gilashi. Iyakarta ke nan. Amma wanda ya kai aji huɗu kaɗai ake yi wa. Ko kai ka ci wa makaranta kofi, in ka tafi kafin lokacin, ka tafi ke nan.

Mama Verlene ta fara ganin wannan ne muna aji ɗaya. Da muke mayar da ita gida sai ta ce, "Kun ga matar nan mai jar hula? Ta yi sauri. Abin da za a yi miki sau ɗaya a duniya, ki hau gudu kamar an biyo ki? Ni ranar tawa, sai mai sanarwar nan ya gaji da jira."

"Mama, da sauran shekara uku fa," in ji Ozell.

"Na tambaye ka lissafi? Tuƙa mota."

Kafin bazara ta kai wa wata maɗinkiya 'yar majami'arsu shuɗin yadi, launin makarantarmu. Aka ɗinka mata doguwar riga da hula mai faɗin baki, ta rataye su a bayan ƙofar ɗakinta cikin leda. Ba ta taɓa sa rigar ba, ko ranar Ista. Daga lokacin ta daina ƙarin wainar masara, wai kada rigar ta matse ta. Ni da Ozell muka ci ribar wannan.

A shekara ta uku Ozell ya gagari kowa. Jaridu suka fara buga hotonsa, sai ga mutane masu kwat suna zama a layin gaba suna kallonsa ba sa tafi. A cikinsu akwai wani dillalin 'yan wasa, Mista Dupree, mai taushin murya da zobe a kowane hannu. Ba zan ce mugu ba ne. Sana'arsa yake yi, kuma bai yi wa Ozell ƙarya ba. Ya ce manyan ƙungiyoyi za su ɗauke shi bana in ya bar makaranta ya ba da sunansa. Ya faɗa masa albashin, wanda Mama Verlene ba za ta tara ba ko da za ta feɗe duk tarwadar jihar. Ya kuma tuna masa cewa gwiwa ba ta da alkawari: yau kana sama, gobe ka sauko a karkace, babu mai sake kallonka.

Doka kuwa a lokacin ba ta da sassauci. Ɗalibin da ya sa hannu da dillali, ko ya karɓi ko sisi a hannunsa, ya gama buga wa makaranta har abada. Babu zancen na fasa. Kowa a cikinmu ya san haka.

Wata Lahadi bayan an taso daga majami'a muna cin abinci a gidanta, soyayyar tarwada da dafaffen ganye, ta ɗauko kwalbar yaji za ta buɗe. Ta murɗa, ta sake murɗawa, yatsunta suka ƙi kamawa. Sai ta juya mana baya ta sa haƙori. Ozell ya ajiye cokali.

"Mama, kawo."

"Ci abincinka."

"Tun yaushe hannun ya koma haka?"

"Hannuna ne ko naka?"

"Bana zan tafi," ya ce. "Zan sa hannu. Kin gama shiga ɗakin sanyin nan."

Ta ajiye kwalbar ta juyo. "Wa ya aike ka? Kuka na kawo maka? Roscoe, ka taɓa jin na kawo wa yaron nan kuka?"

Na ce a'a, Mama, na sunkuya cikin kwanona.

"Shekara ɗaya ta rage maka, Ozell. Ɗaya tak. Na yi ashirin da ɗoriya a wurin nan, ɗayar ce za ta kashe ni? Ka gama karatunka, ka ba ni hannunka mu taka filin nan, sannan ka je ka kwaso duk kuɗin duniya."

"In gwiwata ta karye a shekarar fa? Furanni za mu ci?"

"Abin da muke ci yanzu za mu ci. Ka ga wanda yunwa ta kashe a teburin nan?"

"Mama, don riga kawai…"

"Kul! Kada ka kuskura ka raina mini riga." Sai ta sassauta murya. "Ba rigar ba ce, ɗan nan. Ina kallonka a filin can kana dariya. Mutanen nan masu kwat, ka taɓa ganin haƙoran ɗayansu? Ba su san ka ba. Doki suka zo saye."

A hanyarmu ta komawa makaranta ya ce mini, "Kai me ka gani, Sarki?"

"Na ga uwarka ta ce ka tsaya."

"Kai ba ka da abin sayarwa, shi ya sa nasiha ta yi maka arha."

Maganar ta yi mini ciwo, don gaskiya ce. Kuma har yau in na zauna na auna, ba na iya cewa Ozell wawa ne. Duk ɗan da ya ga uwarsa tana buɗe kwalba da haƙori zai yi tunanin da ya yi. Abin da ke ba ni haushi shi ne bai yarda cewa ita ma ta auna ba. Ta fi shi sanin hannunta, ta ɗora ciwon a gefe guda, ta ɗora ranar nan a ɗaya gefen, ta zaɓa. Shi kuwa ya ɗauka tausayinsa ya fi zaɓinta.

Ya sa hannu bayan wasan ƙarshe na shekarar. Washegari sai ga baƙar mota sabuwa fil a ƙofar ɗakin kwananmu, ɗalibai sun kewaye ta suna shafawa. Koci Hairston, mai horar da mu, ya rungume shi ya sa masa albarka, kuma a makon ya ba wani ɗan wasa akwatin ajiyar kayan Ozell. Ranar da manyan ƙungiyoyi ke zaɓen sababbin 'yan wasa, duk unguwa ta taru a gaban talabijin. An daɗe ana kiran sunayen wasu, har abinci ya huce, sannan wata ƙungiya daga can arewa ta ɗauke shi a zagaye na biyu. Aka yi ihu, aka yi rawa. Mama Verlene ma ta yi tafi, da bayan hannu, don tafukan ba sa haɗuwa.

Kuɗi kuwa sun zo, kada wani ya ce ba su zo ba. Ya fitar da ita daga masana'anta, ya kai ta wurin likitan hannu, ya saya mata gida a sabuwar unguwa inda ciyawa take a gyare kuma maƙwabci ba ya leƙo maƙwabci. Majami'arta ta yi mata nisa, ƙawayenta na aiki ba su da motar zuwa. In na kai mata ziyara sai in tarar da ita zaune a kicin, wuri ɗaya da ta saba da shi a duk gidan, tana jiran wasan Ozell a talabijin. Sai a yi wasan a gama ba a sa shi ba. Iyaka in kyamara ta gifta ta kan benci, mu hango shi a ƙarshen layi da tawul a wuya.

"Ga shi can ya ƙwace maka sarauta," in ji ta wata rana. Ba ta yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Da ranar bankwanarmu ta matso, ni ban sa rai da komai ba. Babana yana kan hanya kamar kullum, na yanke shawarar in fito ni kaɗai in karɓi rigata in koma benci. Sai ta kira ni a waya.

"Roscoe, wa zai riƙe maka hannu ranar Asabar?"

"Ba kowa, Mama. Ba komai ai."

"Ba komai a gidan wa? Ni na yi maka wanka, ni na zane ka. Ka zo ka ɗauke ni da wuri, kuma ka aske gemun nan."

Na je na same ta cikin shuɗiyar rigar da hular. Rigar ta zauna mata daidai, azumin wainar masara bai tafi a banza ba. Aka kira sunana, muka fito, muka taka a hankali kamar yadda ta yi alkawari, Koci ya ba ta furanni. A ranar Ozell yana wani gari mai nisa tare da ƙungiyarsa, a benci. Da ya kira ta, ita da bakinta ta gaya masa, "Na raka Roscoe." Ya ce, "Madalla, Mama," ya kawo wata magana. Shekaru masu yawa bai sake tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba.

Sauran labarin ba shi da tsawo. Shekara biyu ya yi a babbar gasa, suka sallame shi. Mista Dupree ya samo masa ƙungiya a Turkiyya, daga can Ajantina, daga can wata ƙasar kuma. Suna biya da kyau, shi ma yana aikowa da kyau. Ya taɓa aiko mana da kaset ɗin wani wasa da ya fi kowa zura ƙwallo. Muka zauna muka kalla ni da ita daga farko har ƙarshe. Yana tashi sama kamar da, yana zurawa kamar da, amma in ya sauko fuskar nan a ɗaure take, irin ta mai dakon siminti. Mama Verlene ta kashe talabijin ta ce, "Ya ƙware."

Yana can ƙetare ta rasu. Zuciya ce, ba hannu ba. Ta riga ta gaya wa matan majami'a abin da za a sa mata, saboda haka da Ozell ya sauka daga jirgi ya zo kai tsaye wurin jana'iza, ya tarar da ita kwance cikin akwatin gawa da shuɗiyar rigar, hular a kan ƙirjinta. Shekara da shekaru yana ganin rigar nan a leda a bayan ƙofa, amma ranar ce ya fara ganinta a jikinta. Ya tsaya a kanta har sai da fasto ya taɓa masa kafaɗa. Bai yi kuka ba, kuma na so a ce ya yi.

Gwiwar da yake tsoro ta karye daga baya, yana da shekara talatin da wani abu, lokacin da babu wanda karyewar za ta cuta sai shi. Ya dawo gida ya buɗe wurin wankin mota. Ya yi aure, auren bai daɗe ba. Yana ba majami'a kyauta mai tsoka, yana saya wa yaran makarantar da nake koyarwa takalman wasa kowace shekara, amma bai taɓa zuwa kallonsu ba. Tsohuwar jami'armu ta gayyace shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, don ta karrama shi, kullum sai ya ce aiki ya yi masa yawa. In ka kawo zancen ƙwallo sai ya hau duba tayar motarka.

Bara, wata ranar Talata da hantsi, lokacin hutu, sai ga shi a ƙofar gidana.

"Sarki, shigo mota."

"Ina za mu?"

"Kai dai shigo. Tsufa ya ƙara maka surutu."

Jami'ar muka je. Ɗalibai sun tafi hutu, zauren wasa a buɗe, babu kowa ciki. An canza katakon ƙasa, an ƙara kujeru, amma ƙofar ɗakin canza kaya tana inda take. Ozell ya tsaya a bakinta yana kallon tsakiyar fili.

"Daga nan kuka fito?"

"Daga nan."

"Ta wane gefe ta tsaya?"

"Ta hagu. Hannun dama ya fi yi mata ciwo, amma da shi ta riƙe ni."

"Ta yi sauri?"

"Sauri? Sai da mai sanarwa ya karanta sunana sau biyu. Har 'yan badujala suka fara dariya."

Ya ɗan murmusa, murmushin bai daɗe ba. "Me ta ce maka?"

Na san wata rana zai tambaya, kuma na sha shirya masa amsa mai daɗi. Amma da na kalle shi sai na ga ba daɗi ya zo nema ba.

"Ba ta ce komai ba sai da muka kai tsakiya," na ce. "Koci ya miƙo furanni, ba ta karɓa ba. Ta juya tana kallon ƙofar nan da kake tsaye a bakinta. Na ce, Mama, ga furanni. Ta ce, 'Mu ɗan jira, Roscoe.' Jama'a na ta tafi, Koci na tsaye da furanni a hannu, ita kuwa idonta na kan ƙofa. Sai da tafin ya fara mutuwa sannan ta juyo ta karɓa."

Ozell ya kalli tsakiyar filin. "Ta san ba zan iya zuwa ba," ya ce. "Muna da wasa ranar."

"Ta sani."

"Tara kawai za su ci ni in na tsallake. Ba ta kai kuɗin tayoyin motar nan ba." Ya shafa fuskarsa. "Na duba jirgi da safiyar ranar. Sai na ce in na zo, a cikin 'yan kallo zan zauna, ina ganin wani yana riƙe da ita. Na kasa."



Sai na ga ya gyara tsayuwa, ya miƙe kafaɗa, ya lanƙwasa hannun hagu kamar wanda aka riƙe. Ya fara takawa yana jan ƙafa, a hankali, a hankali ƙwarai, ƙarar takalminsa kaɗai ake ji a zauren. Ni ina tsaye a gefe, ban san ko in tafa ko in bari ba, sai na bari. Da ya kai tsakiya ya tsaya, hannun nan har yanzu a lanƙwashe. Ya juya ya kalli ƙofar, ya daɗe yana kallonta.

Can ya sauke hannun ya ce, "Mu je, Roscoe. Motocin mutane na jira."